Ranar Da Niƙa Ya Daina Jinkiri

Ni dai duk wanda ya ƙara ce min sabuwar manhajar nan alheri ce, za mu ɓata da shi. Sauri? Eh, tana da sauri, ban musa ba. Saurin nata ne ya kusa sa min hawan jini.

Mu uku ne masu rubuta manhaja a ofishinmu: ni, da Dogo, da Farfesa. Sai Manaja. Ɗaki ɗaya ne dogo a hawa na biyu, saman shagon tayoyi, tebura jere jikin bango, wayoyi a harɗe a ƙasa, na'urar sanyaya ɗaki na ɗiga cikin bokiti. Manaja yana da ɗan kejinsa na gilashi a ƙarshen ɗakin, daga nan yake kallon ƙeyar kowa. Manhajar da shagunan magani ke lura da kayansu muke yi.

In mun gama rubutun safe, sai a tattara aikin kowa a kwamfutata, ita ce babba, ta haɗa shi wuri guda, ta gwada kowane sashe ko wani abu ya ɓalle. Mu niƙa muke ce masa. Da zarar na danna, wani koren layi zai fito yana rarrafe, fankar kwamfutar ta hau kuka, linzaminta ma ya ƙi motsi. Kusan awa guda ake yi a haka, kuma ba wanda zai iya taɓa aikin sai an ga sakamako.

Shi kuwa Manaja, Allah ya yi shi da tsanar kujerar da ba kowa a kai. Ko banɗaki ka je, kafin ka dawo ya leƙo sau biyu. Abu ɗaya ne yake girmamawa a duniya: koren layin nan. In yana rarrafe, to kwamfuta ce ke aiki, mutum ba shi da laifi. Don haka kowa ya gina rayuwarsa a cikin niƙa. Dogo ya sauka matakala ya kira budurwarsa, ana jin dariyarsa har sama. Farfesa ya jingina, ya rufe ido, ya ce tunani yake, tunanin da ke zuwa da minshari.

Ni kuma in ɗauki mayafina in tsallaka titi. Gwaggona tana da shagon ɗinki daidai gaban ofishin, a can nake barin ɗana kullum da safe. Gwamna muke ce masa, don tun da ya zo duniya umarni yake bayarwa. Bai isa cin komai ba tukuna, kuma ya rantse ba zai kama kwalba ba. Mun canza kan kwalba iri-iri, mun ɗumama, mun sanyaya, Gwaggo ta yi masa waƙa, ta yi masa rawa. Sai ya kalle ta, ya ture da harshe, ya buɗe maƙogwaro. Ni yake so, da tsakar rana, ba wakili.

Manaja bai san da wannan ba. Ranar da na dawo daga hutun haihuwa, ya yi min barka, ya yi murmushi, sannan ya ce, "Injiniya, ina fata dai yaron ba zai shigo mana cikin aiki ba ko?" Ni kuma da nake tsoron a ce mace ta gaza, na yi caraf na ce, "Ko kaɗan, Yallaɓai." To tun daga ranar koren layin nan ne ke shayar da ɗana.

Ana nan sai kamfanin da ke yin babbar manhajar, wato wadda ke tafiyar da kwamfutar kanta, ya fito da sabuwa. Duk inda ka leƙa a intanet masu sana'armu na ta cacar baki: wannan ya ce tana tashi sama, wancan ya ce tana jan ƙafa. Manaja ya fito daga kejinsa yana murza hannu.

"A sa ta a kwamfutar Injiniya. Ku gwada ta mako guda, ranar Litinin kowa ya faɗa min ra'ayinsa. In ta yi, a sa wa kowa."

Dogo ne ya sa ta da yamma. Washegari na zo na tarar da kwamfutata kamar gidan da aka yi wa gyara ba da sanin mai shi ba. An kwashe maɓallan da ke gefe an dawo da su tsakiya. Abin da nake samu da danni ɗaya, yanzu sai na danna, na sake dannawa, sannan a tambaye ni ko na tabbata. Firinta ta ɓace ɓat. Kowane ɗan lokaci wani saƙo ya leƙo daga kusurwa yana min maraba, yana tambaya ko ina son sanin yanayin gari. Ina zaune kusa da taga, me zan yi da yanayin gari? Na yi tsaki har Farfesa ya ce in bar wa gobe saura.

Rana ta take, na tattara aikin kowa, na danna niƙa. Manaja ya fita banki. Na gyara mayafi, na rataya jaka, Dogo ya riga ya zaro waya, Farfesa ya fara zamewa a kujera. Hannuna na kan ƙofa na ji ƙararrawa: ƙil!

Na juyo. Koren layi ya cika. An gama.

"Ta fashe ne," in ji Farfesa, ido ɗaya a buɗe. "Ba yadda za a yi. Sake."

Na duba sakamako, kowane gwaji ya wuce lafiya. Na share komai na sake dannawa, mu uku muka tsaya a kanta kamar masu jiran mara lafiya ya farfaɗo. Layin nan da na sani yana rarrafe kamar tsohuwa a kan matakala, sai ga shi ya zura a guje. Ko fanka ba ta ɗaga murya ba. Ƙil!

"Innalillahi," in ji Dogo a hankali. Ya mayar da wayar aljihu.

Farfesa ya sa tabarau ya tono dalili. Ashe tsohuwar manhajar duk ɗan fayil ɗin da niƙa ya taɓa sai ta tsayar da shi ta caje shi, ko da jiya ta caje shi, ga fayiloli dubbai. Sabuwar kuwa in ta san fuska sai ta ce wuce. Abin da ya ci mana kusan awa kenan shekara da shekaru. A matsayina na mai sana'a, wallahi abin ya burge ni. A matsayina na uwar Gwamna, ji na yi kamar in ɗauki bokitin nan in juye mata.

Ranar dai na tsira don Manaja ba ya nan. Washegari yana nan daram. Na danna niƙa, na buɗe shafukan intanet sun fi a ƙirga, na kunna bidiyo uku lokaci guda, na buɗe duk wata manhaja mai nauyi da na sani. Ko gezau. Dogo ya jingina jakarsa a bakin fankar don ta yi zafi ta rage gudu. Ta yi ɗumi kaɗan, ta gama abinta. Da sauri na rufe sakamakon kada Manaja ya hango, na zauna ina danne-dannen ƙarya, ƙirjina ya yi tam kamar zai tsage.

Ban samu fita ba sai da aka kira shi a waya ya juya baya, can bayan la'asar. Tun daga tsakiyar titi nake jin muryar Gwamna, ta dushe, ta koma kamar ta ɗan akuya. Gwaggo na jijjiga shi a kafaɗa, ɗinkin mutane a yashe kan keke.

"'Yar nan, kashe min miji za ki yi?" ta ce. "Tun azahar yake abu ɗaya. Ina injin naku mai daɗewa?"

"An yi masa magani, Gwaggo."

"To wa ya aike su? Abu na zaman lafiyarsa."

Na karɓe shi. Don fushi ma sai da ya ƙi kamawa, yana ture ni yana shessheƙa, sannan ya cafka kamar zai cire. Na zauna kan buhun ƙyallaye ina kallon gashin kansa da gumi ya jiƙe, raina in ya yi dubu ya ɓaci.

Da na koma, Farfesa ya jawo kujerarsa kusa da tawa, ya rage murya. "Anti, layi ɗaya ne fa. A cikin umarnin niƙa, ki ce mata ta tsaya ta jira. Ta ja koren layin a hankali. Wa zai sani? Manaja ko za a kashe shi ba zai iya karanta fayil ɗin nan ba."

"Farfesa, ka ji kunya," na ce. "Shekarata nawa ina bin manhaja ina cire mata nauyi? Yau ni zan zauna da hannuna in rubuta wa kwamfuta ta yi barci?"

"To ki bari. Ni barcina kawai zan rasa."

Ya san inda ya taɓa. Kafin a tashi na rubuta layin. Kuma tunda ni ba na aikin banza, ban yi shi sakaka ba: na sa layin ya riƙa tafiya yana tsayawa, ya ɗan yi sauri, ya maƙale kusa da ƙarshe kamar yadda tsohon ke yi. Har fanka na ba aikin wofi don ta yi kuka. Dogo ya kalla ya ce wallahi tunda yake bai ga ƙarya mai tsabta irin wannan ba. Ban ji daɗin yabon ba, amma na karɓa.

Kwana biyu muka yi cikin ni'ima. Dogo a matakala, Farfesa a duniyar tunani, ni a shagon Gwaggo, Gwamna na sha yana wasa da ɗan kunnena. Manaja ya zo ya tsaya a bayana yana kallon layin, ya girgiza kai.

"Duk surutun nan ashe iska ce? Ai ko tsohuwar ta fi ta."

"Sabon abu sai a hankali, Yallaɓai," na ce, ban kalle shi ba.

Litinin ta zo. Ya ce taron da hantsi ne, amma ya tsaya waya da wani mai shagon magani da ya manta kalmar sirrinsa, sai da rana ta take sannan ya kira mu. Daidai lokacin niƙa. Muka jawo kujeru gaban tebur ɗina, ina kallon agogon bango, ina jin jikina ya fara sanar da ni.

"Dogo, fara."

Dogo ya gyara zama. Ya ce shi a ganinsa manhajar tana da nauyin jiki. In ka danna abu, kafin ya buɗe akwai wani ɗan jinkiri da ido ba ya gani, amma zuciya na ji. Mutumin da ko sau ɗaya bai zauna a gabanta ba tun ranar da ya sa ta! Manaja ya gyaɗa kai, ya rubuta.

Farfesa ya cire tabarau ya goge. Ya fara daga tarihin kwamfuta. Ya bi ta kan yadda ake raba ƙwaƙwalwar na'ura, ya ratsa ta kan zafi da sanyi, ya ce kusurwoyin tagogin da aka lanƙwasa su ma suna cin ƙarfi, don zana da'ira ya fi zana layi wuya. Ya ce a kimiyyance ba a yanke wa sabuwar manhaja hukunci sai ta shekara. Yana magana yana satar kallona, wai shi taimakona yake, alhali kowace jimla tasa minti ce daga cikin na ɗana. Na taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ya ɗauka ƙarfafa masa gwiwa nake, ya ƙara wani babin.

Ta taga ina hango ƙofar shagon Gwaggo. Ta fito da Gwamna a kafaɗa, ta kalli sama wajenmu, ta koma. Ta sake fitowa.

"Madalla," in ji Manaja da Farfesa ya sauka. "Duk kun tabbatar min da abin da nake zargi. Na ma rubuta ɗan bayani zan sa a shafin kamfani, don abokan cinikinmu kada su yi gaggawar canzawa. Da sunan Injiniya zai fita, tunda ita ta auna, kuma ita aka sani." Ya juyo da fuskar wayarsa, ga sunana ɓaro-ɓaro a ƙarƙashin ƙarya.

Ban gama haɗiye wannan ba ya ɗaga yatsa.

"Sannan ga albishir. Makon nan da na tsaya ina kallon layin nan, sai na ga ashe kusan awa guda muke zubarwa kullum. Tunda sabuwar ma ba ta magance ba, na yi magana da masu ba da hayar manyan na'urori. Daga wata mai zuwa a can za a riƙa niƙa, a nesa, ku kuna nan kuna ci gaba da wani aikin. Ba mai sake zaman jira. Ba mai tashi."

Ya kalle mu yana jiran tafi. Dogo ya buɗe baki ya kasa rufewa. Farfesa ya mayar da tabarau a karkace.

Wato na zubar da mutuncin sana'ata, na koya wa kwamfuta ƙarya, za a buga sunana a duniya a kan awon da ban yi ba, kuma duk da haka awar ta tafi. A daidai nan na ji ɗumi ya sauko min a ƙirji, na duba, gaban rigata ya jiƙe, tabo biyu suna faɗaɗa. Dogo ya gani ya kawar da kai kamar an mare shi. Na jawo mayafi zan rufe, sai na ji na gaji. Na gaji da rufewa, wallahi na gaji.

"Injiniya, saura ke. Me kika gani?"

"Matso ka gani da idonka, Yallaɓai."

Na juya ga kwamfuta, na buɗe fayil ɗin, na nuna masa layin da yatsa. "Wannan ni na rubuta shi ranar Laraba. Cewa yake ta tsaya ta yi barci." Na goge shi. Na danna niƙa. Ana jin ɗigar ruwa a bokiti. Layi ya zura. Ƙil!

"Ra'ayina kenan," na ce. "Ta ɓatar min da firinta, ta hargitsa min maɓallai, tana damuna da yanayin gari, kuma ban taɓa ganin abin da ya kai ta sauri ba. A sa wa kowa. Ka cire sunana daga rubutun nan, kada ka kashe kuɗinka a hayar komai."

Manaja ya kalli kwamfuta, ya kalle ni. Fuskarsa ta fara kumbura. "Kina nufin mako guda kuna... Me ya sa? Injiniya, ke? Me ya sa?"

"Saboda ina da ɗa, kuma nono yake sha." Na faɗa da ƙarfi, har mai tayoyi na ƙasa ina jin ya ji. Tunda na dawo aiki ban taɓa furta kalmar a ɗakin nan ba. "Ba ya kama kwalba. Kullum in an danna niƙa, tsallaka titi nake in ba shi in dawo. Yanzu haka lokacinsa ya wuce, ga shaida a rigata in kana son awo."

Bai kalli rigar ba. Ya tashi ya je taga. Gwaggo na tsaye a bakin shago tana jijjiga Gwamna, ɗan bakin nan a wangame, ko ta cikin gilashi ana ganin jan fuskarsa.

"Wancan ne?"

"Shi ne."

"Duk watannin nan?"

"Duk watannin nan. Kuma ko sau ɗaya aikinka bai makara ba."

Da ya juyo muryarsa ta sauka, amma da sauran tsami a ciki. "Ai da kin faɗa min. Sai ki zauna ki yi min wasa da hankali a gaban yara? Da kin zo kin faɗa min kawai."

"Da na faɗa maka, me za ka ce?"

Ya buɗe baki. Na tsaya, na ba shi dama, don da gaske nake son ji. Ya kalli kujerata, ya kalli ƙofa, ya kalli kejinsa. Ba abin da ya fito.

Na wuce ta gabansa na fita. Ban ɗauki jaka ba, ban ɗauki waya ba. Na sauka matakala. Na tsallaka titi ba tare da na duba ba, wani mai mota ya danna min oda ya leƙo yana zagi, na rama masa har da ƙari.

"Sai yanzu?" in ji Gwaggo, tana miƙo min Gwamna. "Yau kam na ce in ba ki sauko ba, ni zan hau da shi in ajiye wa mai gilashin nan a tebur."

Na zauna kan buhun ƙyallaye. Gwamna ya kama, yana sha yana ajiyar zuciya, hannunsa ya damƙe gefen rigata gam. Gwaggo ta tsaya tana kallona, ta ga rigar, ta ga ba jaka.

"Injin ya sake lalacewa ne?"

"Babu sauran inji, Gwaggo. Daga yau ni zan riƙa tashi da kaina."

"Sun yarda?"

"Ban sani ba. Ban tsaya na ji ba."

Ta koma kan kekenta, ta sa zare, amma ba ta taka ba. Daga inda nake zaune ina hango tagar ofis, Manaja na nan tsaye inda na bar shi, hannu a aljihu, yana kallon shagon. Ko aikina yake aunawa, ko amsar da ya kasa ba ni yake nema, oho. Na gyara zama yadda zai gan ni sosai, na juya Gwamna ɗaya ɓangaren, don bai ƙoshi ba tukuna.